Bulo Biyu Daga Ƙasa

Turken ya fito da sauƙin da bai kamata ba. Mujeeb ya kafa ƙafafunsa a gindin surin, ya tattara ƙarfinsa kamar mai tumɓuke rogo, sai ga shi yana tangaɗi da baya, riƙe da abin da bai fi karan dawa nauyi ba. Rabin da ke sama yana nan yadda ya kafa shi wata shida da suka wuce, mai duhu, mai santsi, ba ko tsaga. Rabin da ya zauna a ƙasa kuwa ɓawo ne kawai. Ya danna shi da babban yatsa, yatsan ya nutse, jar ƙasa ta zubo a tafinsa tare da gara.

Ya cire na biyu. Ya cire na uku. Bai ga dalilin duba su ba, amma ya duba.

A nan bayan gari, inda gidajen Kukuo ke ƙarewa gonaki su fara, ya kafa turakun ba tare da ya gaya wa kowa ba, ba kuma tare da ya sake leƙo su ba. Sau da yawa ya ɗauko hanyar, sai ya tuno wani aiki. Da ba don ruwan jiya ba, da ba don fukafukan shinge, gara mai tashi, da ya tarar sun rufe bokitin alwalarsa da safe ba, da yau ma ya sami uzuri.

Katakon malaina ne, itacen da ake shukawa a sare a sake shukawa, aka gasa shi a tanderu a Kumasi har ya yi duhu, ya daina shan ruwa, ya daina ruɓewa. A kansa Mujeeb ya yi binciken kammala jami'a, ya kuma yarda da shi da zuciya ɗaya, domin ya ga motocin da suka kwashe madobiyar arewa gungume-gungume, ya kuma san kirya ma ta kusa bin sahu. Da shi ya shawo kan ƙungiyar mata masu man kaɗanya ta Kasalgu su lulluɓe bangon ɗakin ajiyarsu ta waje, a bar rata tsakanin katako da bulo domin iska ta riƙa ratsawa, kada zafin rana ya narkar musu da mai. Duk wannan gaskiya ne. Amma a ranar taron wata tsohuwa ta ɗaga hannu ta ce, "Gara fa?" Shi kuwa, da idon mata arba'in a kansa, sai ya ji bakinsa ya ce, "Ko gara ba za ta taɓa shi ba." Takardar kamfanin ruɓewa ta ambata. Ba ta ce komai a kan gara ba. Shi ne ya cike gurbin da abin da yake fata.

Ya naɗe turke ɗaya a leda, ya tura cikin jakarsa, ya hau babur.

Abin da ya fi ci masa rai a hanya shi ne abin da ya yi jiya. A zanensa, katakon zai sauko har ya taɓa ƙasa, bangon ya zama fuska ɗaya mai kyau daga sama zuwa ƙasa. Kafintan aikin, Masta Gariba, wan mahaifiyarsa, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa, ya ƙi. Ya tsayar da katakon a tsayin bulo biyu daga ƙasa, ya bar siminti tsirara, ya kuma fara liƙa fallen kwano mai lanƙwasasshen baki a ƙarƙashin layin ƙarshe. Mujeeb ya ɗaga masa murya a gaban ma'aikata, ya ce zamanin aikin tsammani ya wuce. Da tsohon ya ci gaba da aikinsa, sai ya kira shugabar ƙungiyar, Hajiya Zuwera, ya roƙe ta ta zo yau da ƙarfe goma sha ɗaya ta ba da umarni da bakinta.

Shi ya kira alƙali. Yanzu ga shi yana tafiya da shaidar abokin shari'arsa a bayansa.

A fitilar hanya ta kusa da kasuwa ya tsaya cikin cunkoson babura da yalo-yalo, kekunan haya masu ƙafa uku, yana lissafin hanyoyin tsira. Zai iya kiran Hajiya ya ce ya sake shawara, a bar shi yadda Kawu ya yi, don kyan gani kawai. Zai iya yin shiru ma gaba ɗaya. Gara ba ta gaggawa, kafin ta bi bayan katakon a ɓoye ta kai ga azara da buhunan ƙwarar kaɗanya, an yi damina biyu ko uku, wa zai tuna wanda ya ce me? Ya ji kunyar tunanin, ya kuma lura cewa kunyar ba ta kore shi ba. Aka danna masa ham daga baya, ya ja babur.

Ya iske Masta Gariba a tsugune yana wasa bakin kurfi, ƙarfensa na sassaƙa.

"Kawu, ina kwana."

"Lafiya lau, Injiniya. Ka makara. Ko zane ne ya riƙe ka?"

Ma'aikata biyu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Mujeeb ya dubi bangon. Ya yi kyau fiye da yadda ya zana shi; kowane sukuru an fara huda masa rami kafin a ɗaura, yadda ya koyar, domin gasasshen katako yana tsagewa idan aka buga masa ƙusa kai tsaye. Tsohon ya karɓi wannan darasin ba musu. Bulo biyun nan kaɗai ya tsaya a kai.

"Kawu, ina son magana da kai."

"Ka bari mai ɗaki ta zo. Ai kai ka kira ta."

Bai rufe baki ba yalo-yalo ya tsaya a bakin hanya. Hajiya Zuwera ta sauko da ƙyar, tana dafe da gwiwa, mayafinta na ƙanshin man kaɗanya da hayaƙi. Ta gaisa da ma'aikatan da Dagbanci, suka amsa "Naa" baki ɗaya, sannan ta juyo.

"To, ga ni. Na bar tukunya a wuta saboda rigimar kawu da ɗa." Ta zagaya bangon tana shafa katakon da tafin hannu. "Kai, abin nan ya yi. Amma nan ƙasa fa, Masta? Kamar mutum ya sa babbar riga ya manta wando."

"Hajiya, haka na ga ya dace."

"Ka gani, ko ka saba? Yaron nan shekara huɗu ya yi a Kumasi a kan katakon nan kaɗai. Ya ce mana gara ba ta cinsa, a gabana ya faɗa. Mu da ke da jahilci muka yarda, kai da ka biya masa makaranta ne ba za ka yarda ba? Rufe mana shi har ƙasa, mu huta."

Masta Gariba ya ɗago ya dubi Mujeeb, kallo ɗaya, ba fushi a ciki. Sannan ya ajiye kurfin, ya ɗauko falle ɗaya na katakon, ya durƙusa a laka, ya jingina shi da bangon har gindinsa ya nutse a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Miƙo min sukuru," ya ce wa ma'aikacin da ke kusa.

Mujeeb ya ji igiyar jakar tana yanka masa kafaɗa. Ya yi nasara. Abin da ya rage kawai ya bar bakinsa a rufe na minti goma.

"Kawu, dakata."

Ya zuge jakar, ya warware ledar, ya miƙa wa Hajiya turken da hannu biyu.

"Mma Hajiya, wannan katakon ne. Irinsa ne, daga lodi ɗaya. Na kafa shi a gindin suri wata shida. Yau na cire."

Ta juya shi, ƙasa ta zubo mata a kan zane. Ta daɗe tana kallon ramukan.

"Wato tana ci."

"Tana ci. Ruwa ba ya ɓata shi, ba ya ruɓewa, zai tare zafi kamar yadda na ce. Amma maganar gara, ban sani ba na faɗa. Idan ya taɓa ƙasa za ta shiga ta baya, ba wanda zai gani. Yadda Kawu ya yi, dole ta gina hanyarta a kan siminti a fili, ta ci karo da kwano. Mai shara ma za ta gani ta kankare."

Ba wanda ya yi dariya yanzu. Hajiya ta karkaɗe zanenta a hankali.

"Ɗana, jiya da ka kira ni kana ta zafi, ka san da wannan?"

"Ban sani ba. Ban so in sani ba."

"Hm." Ta mayar masa da turken. "Riƙe abinka. A gaban mata arba'in ka faɗa, ba a gabana ni kaɗai ba. Ranar Alhamis muna taro. Ka zo da shi, ka zo da bakinka. Tsohuwar da ta tambaye ka tana nan da ranta." Ta juya ga kafintan. "Masta, bar wa bangon gajeren wandonsa."

Sai da ƙarar yalo-yalon ta ɓace sannan Masta Gariba ya zare katakon daga laka, ya goge gindinsa da tsumma. Ya miƙo hannu, Mujeeb ya ba shi turken. Ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya kara a kunne kamar mai sayen kankana.

"Wata shida, ka ce?"

"Shida."

"Ya yi ƙoƙari. Nawa da na kafa a bayan shago, wata huɗu ya yi."

Mujeeb ya tsaya yana kallonsa.

"Kawu, ka sani? Me ya sa ba ka faɗa mata ba?"

"In tona ɗan ƙanwata a gaban mace, da hannuna?" Ya cusa masa turken a jaka, ya ja zip ɗin da kansa. "Ni bulo biyu na roƙa. Sauran maganar a bakinka take."

Ya ɗauko fallen kwanon, ya nuna ɗaya ƙarshen da haɓa.

"Injiniya, kama min nan."

Mujeeb ya dubi wandon da ya goge da safe domin zuwan Hajiya, sannan ya durƙusa a laka ya kama.