Sunan da Yalwa Ba Ta Faɗa

Jirgin ƙasa bai gama tsayawa a tashar Hajj Abdalla ba, Yalwa ta zuba a guje, faifan gyaɗa a kai, tsakuwa na tashi bayanta. Kowane taku sai ta ji kamar ana dukan ƙwaurinta da taɓarya.

Gyaɗar dalili ce kawai. Mijinta take nema. Daga Sakkwato suka taso da niyyar Makka, guzuri ya ƙare a gonakin audugar Jazira ta ƙasar Sudan, ya ce ta zauna da tsohuwarsa, zai haye teku ya aiko. Damina ta yi ta zuwa tana wucewa. Ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba, kuma wallahi kewarsa ba ta ragu ba.

Taga bayan taga take tambayar alhazai masu dawowa: "Kun ga maigidana? Dogo, mai wushirya?"

"Sunansa fa, baiwar Allah?"

Sai ta sunkuyar da kai. Haba, mace ta kama sunan mijinta a bainar jama'a?

* * *

Wanzami ya yi mata tsaga a ƙwauri. Iya, uwar mijin, tana gasa mata ƙafafun da ruwan ɗumi tana faɗa.

"Ɗiyata, hutu ƙashin ga ka so. In ke gurgunce, wa ni ka da?"

* * *

Ran nan ciwon ya hana ta gudu. Tana ɗingishi jirgi ya soma motsi, tagogi suna wuce ta, babu lokacin zancen wushirya. Ta runtse ido ta kwarara ihu:

"Jibirin! Wa ya san Jibirin ɗan Dije?"

Wani dattijo ya leƙo daga taragon baya. "Jibirin Basakkwace? Ai yana..."

Jirgi ya yi kuwwa. Ta bi shi, gyaɗa na watsewa, har ƙafafun suka ƙi, ta zube. Bakin dattijon na ta motsi daga nesa.

A gida Iya ta sa ta maimaita maganar har ta gaji.

"Yana, ya ce? Mai rai aka ce ma yana, ko ba haka ba?"

Tsohuwa ta dubi kumburarrun ƙwaurukan Yalwa, ta kau da kai. Sannan ta yage gefen zanenta ta fara naɗe su, tam.

"Jibi ma akwai jirgi," in ji ta a hankali.