Korban a Gidan Yo'ezer

A kan jaki aka fara. Surukina Halafta ya ara wa maƙwabci jakin gidan, jakin ya dawo yana ɗingishi. Mijina Yo'ezer, da ba a raba shi da zuciya, ya tsaya a tsakar gida ya ce wa ubansa, "Duk abin da na mallaka korban ne a gare ka."

Kowa a Galili ya san nauyin kalmar nan. Abin da ka kira korban ya zama kamar hadayar Haikali ga wanda ka ambata, haramun ne ya amfana da shi. Abin haushin, ko ƙwayar zaitun ɗaya ba ta tafiya Urushalima. Mai rantsuwa yana cin kayansa, wancan kaɗai ake hanawa. Kuma tsohon ya riga ya damƙa wa ɗansa gona da gida tun ƙafafunsa na ɗaukarsa.

Ya koma rumfar 'yarsa, gwauruwa mai kalar sha'ir a gonakin mutane. Na kai masa gurasa a ɓoye.

"Da garin wa aka yi ta, 'yata?"

"Baba, ni na niƙa, ni na gasa."

"Na ce garin wa?"

Na dawo da ita da ɗuminta. Ko inuwar ɓauren da tsohon ya dasa da hannunsa, kewaye ta yake yi.

Maganin ba wuya. Mai rantsuwar ya je gaban Malam Nittai, masanin shari'ar addininmu, ya ce ya yi nadama, a warware rantsuwar. Na roƙi Yo'ezer har na gaji.

"In tsaya gaban dattawa in ce bakina ya fi ni? Bari a gama matsar zaitun."

"Uban naka kullum ramewa yake."

"Ke dai gasa gurasarki."

An gama matsa, ya ce sai bayan Idin Ƙetarewa. Tsohon bai kai ba.

Ranar rasuwar ce Yo'ezer ya ruga wurin Malam Nittai, yana tambaya ko zai iya sayen likkafani. Malam ya dube shi ya ce, "Rantsuwa ba ta bin gawa. Yanzu ya halatta."

Na ga sauƙi a fuskar mijina, kuma har yau ban yafe masa wannan ba. Ya sayo lilin mafi tsada a kasuwa, mutane suna ta yaba ɗan kirki. Da garin nan da ya haramta ga tsohon na yi wa masu ta'aziyya gurasa, kowa ya ci ya ƙoshi.