Hannun Dogon Kucheri

Kamilu, wanda makaɗan dambe ke kira Dogon Kucheri, ya bar shan ƙwaya ranar da ya karya wa kawunsa muƙamuƙi.

Ba faɗa suke ba. Kawu Ɗanlami tsohon ɗan dambe ne, shi ya raini Kamilu, shi ya koya masa tsayuwa, shi ke ɗaura masa kara, igiyar nan da ake naɗe dunƙulen dama da ita har ya koma kamar kan taɓarya. Ranar sun dawo daga wasa a Tsafe, ƙwayar hana barci da Kamilu ya haɗiya tun hantsi ba ta sake shi ba, ido a bushe, haƙora na cin juna. Tsohon ya zo ta bayansa ya dafa masa kafaɗa don ya ce abinci ya sauka. Hannun ya tafi kafin mai hannun ya waiwaya. Aka ji ƙas, kamar an taka busasshen karan dawa. Tsohon ya zauna a ƙasa yana tofar da haƙora a tafinsa yana dubansu.

Kamilu ya rantse a gabansa ba zai ƙara haɗiya ba. Kawu kuwa an ɗaure masa haɓa da rawani.

Mutane sun ɗauka wanda ya bar ƙwaya ya huta, domin mutane suna son labari ya ƙare inda ya yi musu daɗi. Kamilu dai ya koma kamar buhun da aka zazzage. Nama a bakinsa tsumma. Kalangu a kunnensa kamar ana dukan bokiti. Yakan yi barci har azahar, ya tashi ya zauna a rumfar mahauta, ƙuda ya sauka masa a leɓe ya rasa dalilin korarsa.

Da kaka ta gabato Kawu ya sa shi a mota zuwa Gusau, wurin Lukuman, ɗan maƙwabcinsu da ya yi karatun lafiya ya buɗe kemis kusa da tasha.

“Baba, ba aljani ba ne,” in ji Lukuman. “Ƙwaƙwalwa tana da wasu sinadarai nata da take saki kaɗan-kaɗan, su ke sa mutum ya ji daɗin abu, ya ji marmarin tashi. Ƙwaya buɗe rumbun take yi gaba ɗaya. Ya cinye hatsinsa tun kaka, yanzu bazara yake ciki.”

“To a sai mashi wani hatsin,” in ji Kawu ta gefen baki, don haka yake magana yanzu.

Lukuman ya sauko da wata roba mai farar hoda. Ya ce sunanta amino asid, abin da ke cikin nama da wake da ƙwai ne aka tace, da irinsa jiki ke gina waɗancan sinadarai. Wasu sun ce ta taimake su, wasu sun ce ba su ga komai ba.

“Ban yi maka alkawari ba. Ya dama a kunu, ya ci abinci, ya yi barci kan lokaci. In abin ya ƙi ku ga likita. Kuma ban da dambe bana.”

“Kunu!” in ji Kawu da suka fito. “Ni da nike shan kunu tun damina, ka ga na yi ƙarfi? Yaro na karatu, bai san fili ba.”

A ilimin Kawu, maganin ɗan dambe ba ta baki yake bi ba. Ciki hanyar tuwo ce. Maganin ƙarfi ta fata yake shiga, a yi tsaga a damtse a murza shi ya haɗu da jini, haka ubansa ya yi masa. Ana cikin haka labari ya zo daga Bungudu: wani sabon ƙato mai suna Guduma ya sa makaɗansa sun yi ta shela cewa babu wani Dogo a Kucheri, ƙwaya ce kawai aka sa wa wando. Kawu ya aika musu su gyara fili.

Ya wasa aska, ya zaunar da Kamilu a turmi, ya tsattsaga masa hannun dama layi-layi daga gwiwa zuwa wuyan hannu. Jini ya tsattsafo. Ya ɗebo hodar ya murza da babban yatsa har ta zama jan kwaɓi. Kamilu ya san abin da Lukuman ya ce. Amma ta yaya za ka ce a'a ga mutumin da ke tauna da gefe ɗaya saboda kai? Sa'annan ga zogin. Shi ne abu na farko da ya ji sosai cikin watanni, har ƙwalla ta zo masa, sai ya ɗauka sauƙin ke nan.

“Ka ji shi ko?” in ji Kawu.

“Na ji shi, Kawu.”

Ranar wasa hannun ya kumbura ya yi sheƙi, da zafi kamar dutsen murhu. Da Kawu ya ja igiyar karan, wani ruwa mai yauƙi ya ɓullo ta tsakanin naɗin. Tsohon ya gani, ya share da bakin rigarsa, ya ce maganin ne ke aiki.

Bayan la'asar filin Bungudu ya cika, har kan katanga da rassan itatuwan bedi. Ba abin da ke tara jama'a kamar begen ganin an zubar da ɗan wani. Guduma ya fito gajere, mai wuya kamar turmi, yana dariya.

“Dogo, an karya kumallo da ’yar ja ko da ’yar fara?”

Kamilu ya miƙa hagu don kariya, ya ja dama baya. Da, in ya tsaya haka, yakan ga duka tun yana cikin kafaɗar mai shi. Yau sai da ya sauka ya sani. Na farko ya same shi a kunne, duniya ta yi shiru ta gefe ɗaya. Na biyu ya fasa masa gira, fatar ta rufto kan ido. Ya kai nasa, hannun ya tafi a hankali kamar ana jan guga, ya sauka a gwiwar hannun Guduma, tsagar ta buɗe a ƙarƙashin igiya. Ihun da ya yi ba na kirari ba ne. Guduma ya shiga cikinsa ya zuba masa a haƙarƙari, ya ƙara a hanci. Jini ya sauko har cibiya. Bai faɗi ba dai, tsawonsa ya riƙe shi kamar tsohuwar giginya, har alƙali ya raba turmin farko.

A gefen fili Kawu ya watsa masa ruwa. Nan Bello ya matso, mai sayar da ƙwaya a bayan rumfar makaɗa, wanda ya ci cinikin Kamilu shekaru.

“Baba, yaronka za a kashe, kisa na gaske. Ga ta nan, ba kuɗi. Kafin a buga kalangu ta kama.”

Kamilu ya jira tsohon ya zage shi. Kawu ya dubi girar da ta rufto, ya dubi Guduma yana rawa a tsakar fili, ya miƙa hannu ya karɓa.

“Haɗiye,” ya ce. “Na yafe rantsuwar. Ni aka yi wa, ni na yafe.”

“Kawu,” in ji Kamilu.

“Haɗiye, don ubanka! Wanga yaro ba ya da imani, kai zai fasa maka!”

Miyau na zuba ta gefen da bakin tsohon bai rufuwa. Kamilu ya kalli wannan gefen da idonsa ɗaya da ya rage. Ya karɓi ƙwayar da hagu, ya kai hannun baki, ya juya ya shiga fili. Kawu ya sauke ajiyar zuciya.

’Yan kallo na gaba sun lura hagun Dogo a dunƙule yake, alhali hannun kariya a buɗe ake riƙe shi. Guduma ma ya lura. Ya bi ta wannan ƙofar. Dukan ya taso daga ƙasa ya sami haɓa, aka ji ƙarar har kan katanga, Dogon Kucheri ya tafi da baya gaba ɗayansa, ƙeya ta daki ƙasa, ƙafa ɗaya na shure-shure. Fili ya ɗauki sowa. Masu liƙi suka bi ta kansa zuwa wurin Guduma.

A bayan a-kori-kurar da ta ɗauke su zuwa asibitin Gusau, Kawu ya yanke igiyar karan da wuƙa, warin ya sa direba ya rufe gilashi. Sai ya ga hagun har yanzu a damƙe. Ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ƙwayar na nan, ta narke rabi cikin gumi da jini. Tsohon ya daɗe yana kallonta, sa'annan ya kankare ta da bakin wuƙar ya yarfar a titi.

An tsaga hannun an matse, bai kai ga yankewa ba. Muƙamuƙin Kamilu kuwa, da dukan Guduma ya karya, an ɗaure shi da waya. Lukuman ya zo dubiya, ya ga hannun, ya dubi tsohon.

Yanzu a gidan nan na Kucheri, inda ba mace tun rasuwar matar Kawu, tukunyar kunu ɗaya ake damawa da safe a raba ƙwarya biyu. Kawu kan zuba hodar a ta Kamilu, ya juya da ludayi yana tsaki.

“Har yau ban ga abin da ta yi ba.”

Kamilu ya zuƙa ta tsakanin waya. Ya yamutsa fuska, ya ce wani abu da bai fita ba.

“Mi ka ce?”

“Tsamiya ta yi yawa.”

“Da can ka san da tsamiya a ciki?” in ji Kawu. “Sha, ka ba ni ƙwaryata.”