Kwanon Lado

Zubaida na cikin rubuta kalmar "alamtarwa" a allo, allin ya karye. Ta tsinci guntun, ta juyo ta fuskanci 'yan matan aji biyar da ke cunkushe a bencuna.

Littafin da suke karantawa labarin wani gari ne da masu kaki suka kwashe mazansa. Tun farkon zango shugabar makaranta ta ja mata kunne: ta koyar da salo da adon magana, amma kada ta kuskura ta ce labarin ya yi kama da wani abu da aka sani a Gummi. Tagogin ajin ko marafai ba su da su, kuma ba ka san uban wace yarinya ke sa kaki ba.

"A babi na huɗu," in ji ta, "matar nan kullum da yamma tana zuba wa mijinta tuwo a kwano, ta rufe da faifai, ta ajiye a ƙofar ɗakinsa, alhali an tafi da shi. Me kwanon ke alamtawa?"

Wata ta ce bege. Wata ta ce baƙin ciki. Zubaida ta rubuta duka a allo, don haka ake so a jarrabawa. Sai Luba, wadda ba ta ɗaga hannu sai da wata fitina, ta ɗaga daga bencin baya.

"Malama, shi kau tuwon, wa ka cin shi da sahe?"

"Marubucin bai faɗa ba."

"Namiji ne, bai sani ba," wata ta ce. Aji ya ɗauki dariya, sannan dariyar ta mutu nan take, don sun tuna da wa suke magana.

Duk Gummi an san labarin. Mijin Zubaida, Lado, direban motar Sakkwato ne, mutum ne da bakinsa ba ya riƙe magana. Wata rana a layin mai ya ɗaga murya ya faɗi inda man gari ke tafiya, da waɗanda ke rakiyarsa da bindiga. Kafin la'asar wata mota marar lamba ta ɗauke shi a tasha. Tun kafin azumin bara ke nan. Kuma tun ranar, kwanonsa bai taɓa kwana babu tuwo ba. Tuwo ba a zubar da shi, kuma Inna Atine, mahaifiyarsa, ba ta iya kai loma ɗaya daga kwanon ɗanta bakinta. Zubaida ce ke ɗumama shi kowace safiya ta cinye kafin ta tafi aiki. Ta tsani ɗumame yanzu, ta tsani warinsa, wani lokacin har Ladon take jin haushi.

Da ta koma gida, ta tarar da Uba, yayan Lado, zaune a zaure.

"Zubaida, na tahi Sakkwato, na tahi Gusau," ya ce. "Ko'ina sai a ce ba a san shi ba. Ƙahwata ta gaji. In kin yarda, a kai magana gaban alƙali a sawwaƙe miki. Ke ba matar aure ba, ba mai takaba ba. Har yaushe?"

"Inna fa, Yaya?"

"Ta ce ba ta da ta cewa. Ta ce ran da kinka bar aza kwanon nan, ta san amsarki."

Da yamma Zubaida ta daɗe tsaye gaban tukunya da ƙwaryar gari a hannu. Hannunta ya saba da awon mutum uku. Ta rage. Ta tuƙa na biyu, ta kwashe, ta kai wa Inna nata. Kwanon Lado na kife a kan randa, inda ta bar shi da safe. Inna ta dube shi, ta dubi surukarta.

Zubaida ta shiga ɗaki ta yi magariba. Ƙirjinta ya yi sakayau, irin yadda bai yi ba tun bara, ta kuma ji kunyar hakan. Ta daɗe a kan sallaya.

Da ta fito, kwanon na ƙofar ɗakin Lado, rufe da faifai. Na Inna kuwa wayam, ko miya ba ta taɓa shi ba. Tsohuwar na zaune a tabarma tana jan carbi.

"Inna, kin ci kuwa?"

"Na ƙoshi, ɗiyata. Ke dai kin gama naki, ba ni riƙe ki. Wanga nawa ne."

Zubaida ta dubi wuyan hannun Inna, siriri kamar karan dawa. Gobe ma haka za ta yi, da jibi. Ta ɗauko nata tuwon ta ajiye gaban tsohuwar, ta zauna kusa har sai da ta ga ta sa hannu.

"Da sahe ki ɗumama wancan," in ji Inna, "kar shi lalace."

"To, Inna," in ji Zubaida.