Ranar da Gwaggo Ta Hau Tudu

Yayana direba ne, ni bakanike, kuma shekara ashirin ke nan muna faɗa a kan mota ɗaya. Bas ce mai shan dizal, tsohuwa tukuf, shi ya sa muke ce mata Gwaggo. Ita ke kwasar ma'aikatan wata masaƙa safe da yamma. Masaƙar a kan tudu take, kuma a 'yan shekarun nan Gwaggo ta tsani tudun nan. Da ta kai rabi sai ta hau nishi, masu keke su wuce ta suna ɗaga wa Yaya hannu.

Ranar Alhamis haƙurin manajan masaƙa ya ƙare. Ya ce ranar Litinin da kansa zai shiga motar, in ma'aikata suka sake makara zai ba wata sabuwar bas aikin. In kuwa aikin ya tafi, Gwaggo sai masu sayen tsohon ƙarfe, Yaya kuma sai zaman gida, abin da na san ba zai iya ba ko na mako guda.

Yaya ya faɗo garejina ko sallama bai ƙarasa ba. "A takarda doki ɗari da talatin ne a injin nan," in ji shi. "Yanzu ko jaki biyar babu. Ka ƙara mata ƙarfi, in dai kai bakanike ne."

Na ji haushi, amma tausayinsa ya fi yawa. Na cire abin tace iska, na tarar ya toshe, na sa sabo. Na kwance nozul shida masu fesa wa inji mai, na kai aka wanke aka saita. Na ɗan ƙara buɗe injekta, wato famfon da ke tura mai, kaɗan dai, don kada ta riƙa tafe tana turnuƙe gari da hayaƙi. Da na ja sandar mai da hannuna daga jikin injin, Gwaggo ta yi wata kuwwa da ta sa mai faci na maƙwabta ya yar da guduma.

Ranar Asabar muka cika ta da buhunan yashi, Yaya ya ja, muka nufi tudu. Rabin hanya ta koma nishinta na kullum. Na yi kwana biyu cikin baƙin mai a banza! Muka juya muka koma gareji.

Da safiyar Lahadi na ce, "Yaya, sauko in tuƙa."

Ya dube ni kamar na ce ya ba ni haƙoransa. Tun da ya sayi motar nan ba wanda ya taɓa zama a kujerarsa, ko a gareji shi ke shigo da ita, shi ke fita da ita. Ya daɗe yana shafa sitiyari kafin ya sauko.

Na hau, na taka totur. Ya tafi rabi ya tsaya a kan wani abu mai laushi. Na sake takawa, haka. Na durƙusa na leƙa, na ga shimfiɗar ƙafa mai ado, ɗinkin matar Yaya, wadda tela ce. Na ɗaga ta, sai ga wata a ƙasa. Na ɗaga wannan, ga wata. Sai da na ƙirga goma sha ɗaya.

"Yaya! Mene ne wannan?"

"Duk sabuwar shekara take ɗinka min," ya ce, yana sosa ƙeya. "To, in zubar da ta bara? Ai hannunta ne ya yi."

Na zauna a ƙasa na yi ta dariya har da hawaye. Shekara goma sha ɗaya totur yana raguwa kaɗan-kaɗan, ƙafarsa tana sabawa, muna ta zagin inji. Muna cikin haka matar Yaya ta iso da abincin rana. Ta ga shimfiɗun a jere a kan benci, ta ajiye kwano a hankali.

"Wannan ai ta shekarar da aka haifi auta ce," ta ce. "Maigida, ashe ba ka yar da ko ɗaya ba?"

"Kuma ba za a cire ko ɗaya ba," in ji shi.

"Za a cire, har da ta bana. Ka kawo min su gida, bargo zan haɗa maka da su." Ta juyo gare ni tana goge ido da bakin mayafi. "Kai kuma bakaniken birni, kwana biyu kana neman ƙarfi a inji, ga shi a ƙarƙashin takalmi."

Ranar Litinin na zauna a bayan Yaya, manaja yana gaba da agogo a hannu, mota cike maƙil. Muka iso gindin tudu, Yaya ya sauya giya, ya taka totur har ƙasa. Gwaggo ta zabura. Muka wuce wani mai keke, muka wuce mai babur, muka wuce wata ƙaramar mota da direbanta ya leƙo baki buɗe. Ma'aikata suka ɓarke da tafi da shewa, wata dattijuwa a baya tana ihu a riƙe mata jaka.

Manaja ya damƙe ƙarfen gabansa da hannu biyu. "Baba direba, aikin naka ne, na yarda! Don Allah rage gudu!"

Yaya ya ɗan sassauta, fuskarsa kamar ta yaro an saya masa sabon takalmi.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "rabon da wani ya ce min in rage gudu har na manta. Don Allah sake faɗa, ƙanena bai ji ba."