Tambayar Auta

Ranar wata Talata Ɗan Adawa ya ci amanar 'yarsa, da hantsi, a ƙaramin ɗakin taro na ma'aikatar lafiya, shayinsa bai ko huce ba.

Shi ba ɗan siyasa ba ne, aikinsa ne ya jawo masa sunan. Duk lokacin da kwamitin majalisa ya kira Minista ya zo ya yi bayani, kafin ranar sai a rufe ƙofa, a zaunar da Minista a kujera shi kaɗai, a zaunar da Ɗan Adawa a gabansa ya zama ɗan majalisa mafi baƙin hali da aka taɓa zaɓa. Ya yi tambaya, ya katse amsa, ya buga tebur, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba abin da na tambaye ka ke nan ba." Inda Minista ya yi tuntuɓe sai a tsaya a share masa hanya. Ministoci da dama sun bi ta hannunsa, har da wanda ya taɓa jifansa da biro, kuma dukansu sun shiga majalisa sun fito rigarsu fes. Littattafan da ya cika gida da su, na tarihi da na shari'a da muhawarorin mutanen da suka daɗe a ƙasa, iyakar amfanin da suka yi wa jama'a ke nan: sun koya masa gane inda ƙarya take yoyo, shi kuma yana liƙewa.

Tun rasuwar matarsa daga shi sai autarsa a gidan. Yayyenta sun yi aure sun watse, sai dai waya. Auta ta gama karatu ta samu aikin bincike a majalisa, a ofishin Shugabar kwamitin lafiya, wata tsohuwar malamar makaranta da har yanzu take kallon ministoci kamar ɗaliban da suka makara. Uba da 'ya suka kafa doka: ba maganar ofis a gida.

Ita ce ta karya dokar, ranar Lahadi da la'asar, tana wanke kwanuka yana gogewa.

"Baba, in tambaye ka wani abu a matsayin Baba, ba a matsayin mutumin can na ma'aikata ba?"

"Mutumin can yana hutu sai gobe."

"In kana so mutum ya ɗaure kansa da bakinsa, da tambaya mai zafi za ka fara ko mai sanyi?"

"Mai sanyi. Wadda zai ji daɗin amsawa. Ba wanda yake shirga ƙarya mai kyau sai ya saki jiki."

Ta yi dariya, ta rufe famfo, ta faɗa masa komai. Sababbin motocin ɗaukar marasa lafiyan nan da aka yi bikin ƙaddamarwa bara, aka ce an raba wa asibitoci, ta gano inda suke. Suna jere a bayan tsohon siton magani na ma'aikatar, can ƙarshen gari, ciyawa ta kai rabin tayoyinsu. Ba a ɗauki direbobi ba, ba a ware musu mai ba. Da idonta ta gani, ta wata ɓula a jikin ƙofar ƙarfe. Ranar Alhamis Shugaba za ta yabi Minista, ta tambaye shi cikin ladabi ko duk motocin suna kan aiki. Zai ce e. Za ta roƙe shi ya maimaita don a rubuta. Sannan ta ce akwai bas a ƙofa, 'yan jarida suna ciki, a tashi a je wani wuri tare. Wanda ya yi wa kwamiti ƙarya, kwamiti na da ikon sa masa wa'adi ko ya kai shi gaban zauren majalisa duka. Motocin za su fito titi ko Minista yana so ko ba ya so.

Bai tambaye ta dalilin da ya sa ta nace wa motocin asibiti ba. Ranar da uwarta ta faɗi, sun kira lambar motar asibiti har suka gaji, a motar mai gidan burodin layinsu aka kai ta, Auta a baya tsakanin farantan ƙarfe tana tallafe da kanta. Likita ya ce ko a jirgin sama aka kawo ta ba abin da zai canja. Shi ya yarda da likita, don ya fi sauƙi. Auta ba ta yarda ba.

"Wa ya sani?" ya tambaya.

"Ni da Shugaba. Sai kai."

"Da ba ki faɗa min ba."

"Ai Baba na faɗa wa," ta ce, ta miƙo masa tukunya.

Ya shiga gwajin Talata da niyya mai kyau, irin niyyar da ba ta taɓa jin zafi ba. Zai tambayi komai ban da motoci. Minista yana kujerarsa, Babban Sakatare yana gefe da tarin fayil. Ɗan Adawa ya yi tambaya kan ƙarancin magani, ya yi kan albashin ma'aikatan jinya, ya yi kan rufin asibitin da ya rufta. Minista yana amsawa yana duba waya. Can ya yi hamma.

"Sakatare, wai wannan ne Ɗan Adawan da ake tsorata ni da shi? Ai jikata ta fi shi tsare mutum."

"Da can wuta ne, ranka ya daɗe," in ji Sakatare, ya rage murya irin ta mai gaisuwar rasuwa. "Tun da mai ɗakinsa ta bar mu ya yi sanyi, Allah sarki. Akwai wani lauya a sashen shari'a, nan gaba sai mu gwada shi. Shi kuma ya huta."

Zagi ba ya damunsa, ya sha shi a wannan ɗaki har ya ƙoshi. "Allah sarki" ɗin ce ta shige shi. Ya ajiye kofi, ya cire tabarau, ya ji muryarsa ta fito a sanyaye kamar ba tasa ba.

"Mai girma Minista, kwamiti na yaba maka kan motocin ɗaukar marasa lafiya. Ba a taɓa yin irin wannan ba. Duk suna kan aiki, ko?"

Minista ya gyara zama, ya ajiye waya. "Duka. Har ta ƙarshe."

"Madalla. Ko za ka maimaita, don a rubuta daidai?"

Ya maimaita, har da ɗaga yatsa.

"To bas tana ƙofa, ranka ya daɗe, 'yan jarida suna ciki. Tashi mu je bayan tsohon siton magani."

Ɗakin ya yi tsit. Minista ya buɗe baki bai samu abin sa wa ciki ba. Ya dubi Sakatare, Sakatare ya dubi silin. Gumi ya tsatso masa a goshi duk da sanyin na'ura. Ɗan Adawa ya zauna a cikin wannan shirun yana jin wani daɗi da rabon da ya ji irinsa tun kafin jana'iza. Sai da Minista ya fashe da dariya yana tafi, yana cewa, "Kai! Wannan shi ne mutumina, wa ya ce ya tsufa?" sannan Ɗan Adawa ya gane abin da ya aikata.

Sakatare bai yi dariya ba. "Daga ina wannan ta fito?"

"Daga kaina."

"Kai mai albarka. Ina ce 'yarka a majalisa take aiki?"

"Ba ma maganar ofis a gida."

"Haka ya kamata," in ji Sakatare, ya jawo wayarsa. Kafin Ɗan Adawa ya kai ƙofa ya ji shi yana neman motocin jan mota, ko nawa aka samu. Da yamma aka ce Ɗan Adawa ya rubuta wa Minista amsa. Ya rubuta. Aikinsa ne, kuma ta yi kyau, abin takaici.

Yana da Laraba guda a hannunsa. Da ya buɗe baki, da Shugaba ta canja shiri, ko ta aika wani ya tsaya a bakin siton ya ga ana fitar da motocin. Da safe ya tarar da Auta tana goge kayan da za ta sa ranar Alhamis, tana 'yar waƙa a hanci, abin da ta daina tun rasuwar uwarta.

"Auta."

"Na'am, Baba?"

Ya dubi bayan wuyanta, ya dubi dutsen gugar.

"Sukari ya ƙare."

"Zan sayo a hanya."

Mutumin da ya kwashe rayuwarsa yana koya wa manya yadda ake amsa tambaya mai wuya, da aka zo kan tasa, sukari ya iya faɗa.

Ranar Alhamis ya zauna a layin ma'aikata bayan Minista. Auta tana bayan Shugaba, ta hango shi ta ɗan sunkuyar da kai, gaisuwar da ba wanda zai lura. Shugaba ta yi yabonta, ta yi tambayarta mai sanyi. Minista ya yi murmushi ya zubo amsar da Ɗan Adawa ya rubuta, ba tuntuɓe ko ɗaya: motoci duk sun bar hannun ma'aikata, wasu suna aiki, wasu suna hanya, kuma ƙofar kowane sito a buɗe take ga wannan kwamiti mai daraja.

"In akwai inda ake zargi, ranki ya daɗe, kada mu ɓata lokaci. Mu tashi yanzu mu je, a zo da 'yan jarida."

Shugaba ta waiwaya ta dubi Auta. Auta ta gyaɗa kai, don har lokacin ta yarda da idonta.

Filin bayan siton wayam yake, an share shi har da yayyafa ruwa. Abin da ya rage kawai dogayen tabo a ƙasa, jere reras, inda ciyawa ta yi fari saboda ta daɗe ba ta ga rana ba. Shugaba ta nuna su. Minista ya ce ai tsofaffin motoci ne da aka yi gwanjonsu. Auta ta fito da hotunan motocin a wayarta. Sakatare ya leƙa ya ce lallai ya gane su, ranar da aka kawo motocin ne aka ɗauka, bara.

"Ranki ya daɗe," in ji Minista, ya juya wajen kamarori, "in ciyawa kika zo dubawa, ai ministan noma za ki kira. Ni nawa allura ne."

'Yan jarida suka kwashe da dariya, har da wasu 'yan kwamitin. Ɗan Adawa yana tsaye kusa da bas, inda yake jin komai, lokacin da Shugaba ta ja Auta gefe.

"Wa kika faɗa wa?"

"Ba kowa, ranki ya daɗe."

Ba ta dubi inda yake ba. Da ta duba, da ya fi masa sauƙi.

"To ɗayan biyu ne, 'yata. Ko dai ba ki ga abin da kika ce kin gani ba, ko kuma kin sayar da ni. Ki zaɓi wanda kika fi so, ki haɗo min da makullin ofis."

Da ya koma gida ya tarar ta haɗa akwati. Za ta je wajen babbar yayarta, ta ce, ta kwana biyu. Ta jera masa maganin hawan jininsa a kan tebur, na safe daban na yamma daban. Sukarin ma ta sayo.

"Zan nemo inda aka kai su," ya ce. "Zan kawo miki."

"Ka kawo min in kai wa wa, Baba? Wa zai ƙara yarda da ni?"

Ƙarya ma yake yi. Tun ranar Talata Sakatare ya daina magana in ya shigo ɗaki. Wanda ya fitar da sirrin 'yarsa, me zai hana shi fitar da na ma'aikata?

"Ki yi haƙuri, Auta."

"Ba komai, Baba. Ni na karya doka."

Ta durƙusa ta yi masa sallama yadda uwarta ta koya mata, ba ta rage ko kalma ba, ta ja akwatinta ta fita. Kwana biyun ya zama watanni. Takan kira ranar Juma'a ta tambayi jikinsa, ta tambayi ko yana shan magani, ta ce yayarta tana gaishe shi. Ta samu aikin koyarwa a can. Kwamiti bai sake tada maganar motoci ba, wanda aka yi wa dariya sau ɗaya ba ya son komawa wurin. Shi kuwa Ɗan Adawa, Minista ya sa aka ƙara masa wa'adin aiki, aka manta da lauyan sashen shari'a.

Haƙuri dai ya ba ta, ya sake ba ta, kullum amsar ɗaya ce, ba komai. Amma akwai maganar da take zuwa masa har bakin leɓe duk Juma'a, ya haɗiye, don ba yadda za a faɗe ta ba tare da an sake soka mata wuƙar ba. So yake ya ce mata: Auta, ni kaɗai na ga tambayarki tana aiki. Minista ya yi shiru, 'yata. Ya buɗe baki ya rasa abin cewa, gumi ya karyo masa. A duk shekarun da na yi ina wannan sana'a ban taɓa yin tambaya mai kyanta ba, kuma ba tawa ba ce.