Fegin da Laka ke Numfashi

"Ka ba ni ɗan fegin nan naka na bakin titi, ka ɗauki nawa na gangare," in ji yayan matata, mai sayar da taya. "Ya ninka naka uku."

Na ce, "Yaya, ba shi ne wanda gidanka ya tsage a kai ba?"

"Ƙaddara ce."

Na miƙa masa hannu, muka tafa.

Da na koma ɗakinmu na haya, matata ta ajiye ludayi. "Shekara ashirin muna tara rodi da bulo a ƙarƙashin rumfar nan, ka kai su inda ƙasa ke cin gida? In ya rushe, a haya za mu mutu."

Tana da gaskiya. Baƙar laka ce a wurin. Da damina ta sha ruwa ta kumbura, da rani ta tsuke ta dare har ƙafar akuya na faɗawa. Harsashin da aka saba, ɗan rami iya gwiwa, sai ta yi ta sama da ƙasa da shi har bango ya gaji. Amma ni sana'ata haƙar rijiya ce. Rijiya huɗu na haƙa a gangaren nan, na san zurfin lakar gaba guda da rabi ne, ƙarƙashinta marmara ce mai karya diga. Kowa samanta yake gani, ni na sha shiga cikinta.

Magini ya ce mu zuba faffaɗan kankare, gida ya zauna a kai kamar kwano a faranti. Na ce rodinmu ba zai kai ba. Na haƙa ƙananan rijiyoyi goma sha biyu har marmara, muka cika su da rodi da kankare, muka haɗa kawunansu da gadar kankare. Tsakanin gadar da laka na bar tazarar tafin hannu, in ta kumbura ta sami wurin numfashi.

Yaya ya leƙo yana dariya. "Mai rijiya, gida kake yi ko wurin shayar da shanu?"

Bayan mun tare, duk ƙarshen damina sai ya zo gaisuwa da tsinken tsintsiya a aljihu, yana bin bango yana neman tsaga. A damina ta uku matata ta kama shi a bayan kicin, a durƙushe.

"Yaya, in shara ka zo yi, ga tsintsiyar gaba ɗaya."

Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Ƙofofinku ba sa cijewa?"

Ta tura ƙofar da ɗan yatsa, ta rufu ruf.

Mu muka ci riba: ɗaki huɗu, da filin da take shuka kuɓewa. Yaya ya sami shagon da ko mota biyu ba sa samun wurin tsayawa a gabansa, ya kuma yi asarar tsinke uku.